Yoyon Kwano da Ayoyon Bokiti

 Ina gaida jama'ar Zango, mutanen Nima da Mamobi, da na Kotobabi da Alajo, har Sabon Zango da Fadama da Madina, duk inda muryar nan ta kai. Iyayenmu mata da ke bakin tukunyar koko tun asuba, sannunku da aiki. Samarin majalisa masu jiran tafasar ataya, a ɗan rage musun ƙwallo a matso da rediyo, don rabin maganar yau taku ce. Ku ne masu hawa tsani.

Watan Mayu ya kama. Dattawan gargajiyar mutanen Ga sun yi shukarsu ta al'ada, sun kuma sa dokar hana kiɗa da hayaniya ta wata guda, kamar yadda suke yi kowace shekara kafin bikin Homowo. Duk wanda ya daɗe a Akra ya san idan wannan doka ta shigo, to babbar damina ta zauna. A ƙasar Hausa damina ɗaya ce a shekara. Mu nan biyu gare mu: babba daga Afrilu zuwa tsakiyar Yuli, ƙarfinta a Yuni, sai ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Amma in aka tara ruwan shekara duka, na Akra wajen milimita 800 ne kacal, Kumasi ta kusa ninka mu. To me ya sa kullum mu ne da kukan ruwa? Saboda yakan zo ne a dunƙule, cikin awa biyu ko uku, ya sauka a unguwar da kwano ya rufe samanta, siminti ya rufe ƙasanta, babu inda zai nutse. Dole ya nemi hanya, kuma sau da yawa hanyar ta cikin ɗakin wani take bi.

Mu fara daga sama.

Ƙarfe biyun dare, iska ta taso, kwano ya fara kuka. Can sai ka ji ɗis a gefen kunne. A tashi a ja katifa, a jera roba da kwanon tuwo da tukunyar da aka wanke jiya, a tattara yara a kusurwa ɗaya. Uwar ɗaki na mita, maigida na cewa gobe in Allah ya kai mu. Gari ya waye, rana ta fito tarwai, a shanya katifa a kan katanga, shi ke nan an manta, sai kuma wani hadarin ya haɗo. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Gano inda ke yoyo ba ya bukatar kafinta. Da rana tsaka ka shiga ɗakin, ka rufe ƙofa da taga, ka ɗaga kai. In babu silin, duk inda ka hango ƙwayar haske, nan ne ƙofar ruwan. Zura tsinken tsintsiya ta ramin, don wanda ke sama ya ga wurin. In kuwa akwai silin, ka sani ruwa yakan bi katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga, saboda haka a nemi ramin sama da inda tabon yake. Galibi a gindin ƙusa abin yake. Kwano na buɗewa da zafin rana, ya tsuke da sanyin dare, yau da gobe har ƙusa ta yi sako-sako, ga kuma iskar teku mai gishiri tana cin ta da tsatsa. A zare tsohuwar, a buga sabuwa mai hula da roba a gindinta, kuma a kan tudun kwano ake bugawa, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba. In ƙaramin rami ne, a kankare tsatsar, a tabbata wurin ya bushe, a shafa kwalta, a ɗora ƙyalle, a sake shafawa. Akwai kuma faci mai manne da ake sayarwa a shagunan kayan gini, shi ma yana yi in an manna shi a busasshen kwano.

Kai saurayin da za ka hau, taka layin ƙusa, don nan ne katako yake a ƙasa. Kada ka hau jiƙaƙƙen kwano, kuma ka dubi wayoyin wuta kafin ka miƙe tsaye. Tun da ka hau, ka sauko mana da tsofaffin tayoyin nan da aka danne rufi da su. Zan faɗi dalili in mun zo kan sauro.

Wuyar aikin ba a saman kwano take ba, tana ƙasa, wajen tambayar wa zai biya. Yawancinmu a gidan haya muke, kuma da yawan gidajen na gado ne: Alhaji ya rasu, magada sun kai goma, mai karɓar kuɗi daban, mai ikon cewa a gyara daban. Ka je ka durƙusa.

"Hajiya, ina kwana. Ɗakin nan fa yana zuba."

"Ayya, ɗana. Ai kuɗin da ka bayar tun bara suka ƙare. Ka yi haƙuri, sai yayanku ya aiko daga Jamus."

Kuma ba ƙarya take yi ba. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin gaba fiye da na wata shida, amma kowa ya san shekara biyu ake karɓa a garin nan. Kuɗin da aka karɓa dunƙule sun tafi biki, sun tafi asibiti, sun tafi makaranta. Lokacin da rufi ya fara zuba, babu ko sisi da ya rage na ɗakin. Ni a ganina, mafita mafi sauƙi ita ce ɗan haya ya ce, "To Hajiya, in gyara da kuɗina, a cire a haya mai zuwa?" In ta yarda, a kira mutum biyu shaida, a rubuta a takarda, a ajiye rasit ɗin kwalta da na ƙusa. Kada kunya ta hana rubutu. Rigingimun da ke kaiwa gaban sarkin unguwa ko ofishin kula da haya, da yawansu daga "ai mun yi magana da baki" suke farawa.

Daga kwano ruwa sai kwata. Babbar kwatar nan da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi ba a nan take tsayawa ba. Gangarawa take ta haɗu da kogin Odaw wajen shataletalen Kwame Nkrumah, daga nan sai tafkin Korle, sai teku. Waɗanda suka yi wayo a 2015 ba za su manta da daren Laraba 3 ga Yuni ba. Ruwa ya cika wannan shataletale, mutane suka fake a gidan mai, man ya taso a kan ruwa, wuta ta kama, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Akwai wata ɗabi'a da za mu faɗa wa junanmu gaskiya a kanta. Da hadari ya haɗo, sai ka ga an tura yaro da bokitin bola ya juye a kwata, wai ruwa zai tafi da shi. Ruwan yakan ɗauka, amma inda ya ga gada ko lanƙwasa nan yake ajiyewa, kuma ƙofar wani ce a wurin. Na san uzurin: lungunanmu mota ba ta shiga, mai aboboya, wato keken kwasar shara, kuɗi yake karɓa, kuma wani lokaci a yi kwanaki bai leƙo ba. Na kuma san ba mutanen Zango kaɗai ke cika Odaw da shara ba, don kogin unguwanni da yawa yake ratsawa, har da na masu hali. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don aikin GARID na gyaran magudanan wannan kwari, kuma Nima na cikin unguwannin da aka sa a shirin. Wannan aikin hukuma ne, mu ci gaba da tambayar wakilanmu na majalisar Ayawaso ta Gabas da ta Arewa inda aka kwana. Amma 'yar rariyar da ta fito daga tsakar gidanka, babu Bankin Duniyar da zai zo ya zura mata hannu.

A sa mata raga a baki, ko guntun kwano da aka huhhuda, ya tare tsaba da leda. Ledar fiya wata a tara ta a buhu, akwai masu saye da kilo. In kuma an yi aikin gayya an yashe kwatar lungu, don Allah a kwashe abin da aka fitar. Sau nawa muke ganin samari sun sha wahala ran Asabar, sun tara baƙin yashi a gefen kwata, ruwan Lahadi ya mayar da shi inda ya fito?

Ruwan kwata in ya shigo gida, ba ƙazanta kaɗai yake kawowa ba. Bututan famfonmu da yawa ta cikin kwata suka bi, in sun tsage sai su sha daga gare ta. A daminar 2014 kwalara ta kama kusan mutum 29,000 a Gana, ta kashe fiye da 240, kuma mafi yawansu a yankin Akra. In yaro ko babba ya fara gudawa kamar ruwa, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari nan take: ledar fiya wata biyu, wato lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yana sha ana hanyar asibitin Mamobi ko wanda ya fi kusa, kada a jira gari ya waye.

Sai famfon tsakar gida mai ɗiga. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa, in ya kwana ya wuni, ya kai wajen lita 20. Kusan jarka guda ke nan kullum, irin wadda muke kira galan ɗin Kufuor, a unguwar da mata ke bin layi da galan in famfo ya ɗauke. Abin da ya lalace kuwa 'yar roba ce a ciki, ba ta kai faɗin kwabo ba. A rufe ruwa daga wajen mita, a kwance kan famfon da sifana, a cire robar a kai shago a ce irinta ake so. Minti goma ya isa. To me ya sa famfon gida mai ƙofa goma sha biyu yake shekara yana ɗiga, an ɗaure masa wuya da tsumma da robar taya? Saboda kowa na ganinsa, kowa na tsaki, kuma kowa na jiran wani. Haka ƙwan lantarkin zaure, haka ƙofar banɗaki da ake tokarewa da dutse. Gidajen da na ga sun rabu da wannan ciwon kai, ba kuɗi suka fi mu ba. Mutum ɗaya suka kira da sunansa, galibi wata dattijuwa da ake jin nauyinta, aka ba ta gwangwani, kowace ƙofa tana jefa ɗan abin da aka yanka duk Juma'a, kamar adashi. Famfo ya lalace, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, ita kuma ta san yaron da za ta aika.

Wuta kuwa ba ta gwangwani ba ce, kuma ba ta gwaji ba ce. In bango ya jiƙe ka taɓa ƙofar ƙarfe ka ji tana ja, a kashe babban makunni a kira mai gyara wanda ke da takardar shaidar Hukumar Makamashi. In ruwa ya shigo ɗaki, makunni ake fara kashewa kafin a fara kwasar kaya. In kamfanin lantarki na ECG ya ɗauke wuta, a zare firij da talabijin, in ta dawo a ba ta 'yan mintoci ta daidaita. Masu mita ɗaya kuma, da kuke rabon kuɗi da ƙirgen ƙwai, ga abin da ke cinye katinku: dutsen guga na awa ɗaya ya kai ƙaramin ƙwan zamani na awa ɗari. Haka hita, haka butar lantarki. A daina hararar mai ƙwai biyu.

Yanzu sauro. Daga ƙwai zuwa mai cizo, kwana bakwai zuwa goma ne a irin zafinmu. Ba ya bukatar tafki. Taya a saman kwano, gwangwanin madara, fasasshen bokiti a bayan ɗaki, duk sun ishe shi. A 2023 Hukumar Lafiya ta Gana ta sanar da cewa an gano wani baƙon sauron zazzaɓi, ɗan asalin Asiya, a Tuba da Dansoman. Abin da ya sa masana suka damu da shi, shi ɗan birni ne, a cikin duro da tanki da taya yake haihuwa, irin kayan da ke kowane gida a Zango. Saboda haka duk abin ajiye ruwa a rufe shi ruf, abin da ba a amfani da shi a kife shi, sau ɗaya a mako a zagaya gida a duba. A kwana cikin gidan sauro, musamman yara da masu ciki.

Damina kan koro kyankyasai da ɓeraye cikin ɗaki, ga kuɗin cizo da ba ya jiran damina. A nan ina roƙon a saurare ni da kyau. Ƙwayar nan da ake sa wa buhunan masara a sito, wadda wasu ke sayarwa a matsayin maganin ƙwari, ba ta ɗakin kwana ba ce. Da ta sha danshi sai ta saki iska mai kisa. A 2018, a Abavana nan kusa da Kotobabi, yara uku 'yan gida ɗaya suka rasu bayan an sa irin wannan magani a ɗaki. A toshe tsagar bango da siminti, a rufe abinci, a fitar da katifa da katakon gado rana, a zuba wa gaɓoɓin gadon tafasasshen ruwa. Maganin da ba shi da takarda a jikinsa, ko wanda aka ɗura a kwalbar lemo, kada ya shigo gidan da ke da yara.

To, mun zagi ruwa ya isa, bari mu ci moriyarsa. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi, lita ɗaya ce. Ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe, in aka yi ruwan milimita 20, wanda ba wani babban ruwa ba ne a Yuni, rufinsa zai zubar da fiye da lita 250. Galan goma ke nan daga ɗaki ɗaya. A sa indararo, a tara duro. Ruwan farko a bar shi ya wuce da ƙura da kashin tsuntsu, sannan a tara. Ya yi wanki, ya yi wanka, ya yi share banɗaki. In za a sha, a tafasa. Kuma ya yi abin da nake son mu ƙarasa hirar da shi, wato shuka.

Na san wani zai yi dariya ya ce, Malam, a Nima? Ina filin? Gaskiya ne, wurin da Malam Amadu Futa ya karɓa daga gidan Odoi Kwao a shekarun 1930 don ajiye shanu, yau wani lungun mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace. Amma noma a cikin Akra ba baƙon abu ba ne. Dattawanmu na tuna 1972, lokacin da gwamnatin Kanar Acheampong ta kawo shirin Operation Feed Yourself, makarantu da barikoki da bayan gidaje duk aka shuka. Har yau in ka bi ta Dzorwulu, ƙarƙashin manyan wayoyin wuta, za ka ga fangali-fangali na latas da kabeji da albasa mai lawashi. Da yawan masu lambun nan 'yan arewa ne da 'yan Burkina, wasunsu sahu ɗaya muke da su a masallaci. Ga malamai a kusa, tambaya kawai ba mu yi ba.

Kada dai kowa ya ruɗe ku cewa bokiti zai ciyar da gida. Albasarmu daga Nijar take zuwa, shi ya sa da aka tashi kasuwarta daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021 muka ji a kuɗin mota, da aka yi juyin mulki a Yamai a 2023 aka rufe iyakoki muka ji a tukunya. Tumatirin rani daga Burkina. Waɗannan sun fi ƙarfin tsakar gida. Abin da bokiti ke iyawa shi ne ganye, wanda ake saye kullum kuma ba ya kwana: ayoyon miyar tuwon zafi, alayyafo, yakuwa, lawashi, na'ana'ar ataya. Sai kuɓewa da barkono ga mai rana a ƙofarsa.

Mazubi ba sai an saya ba. Bokitin fenti da aka wanke sosai, buhun shinkafa, galan ɗin Kufuor da ya fashe a yanke shi a kwance. A huda gindin da ƙusa mai zafi, rami biyar ko shida, a ɗora a kan bulo don ruwa ya riƙa fita. Wanda ya manta da hudawa a watan Yuni, shukarsa a ruwa za ta mutu. Ƙasa kuwa, kada a ɗebo ta bakin kwata ko ta inda ake ƙona bola, don can akwai ragowar batir da ƙarafa masu guba, kuma ganye na ɗauka. A nemi baƙar ƙasa wajen masu sayar da furanni a bakin titi. Kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya taki, a ɗan barbaɗa yashi ko garin gawayin da ke taruwa a gindin buhu. Taki kam muna da shi a lungu, tun da ga tumaki ga kaji, sai dai a bar shi ya bushe ya ruɓe tukuna. Ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake yi.

Ayoyo na da wani taurin kai da ke sa mutane su ce hannunsu ba ya shuka. Ƙwayarsa ɓawo ne da ita mai tauri, sai ka zuba ka yi ta jira shiru. Masu lambu ga yadda suke yi: a ƙulle irin a ƙyalle, a tsoma a tafasasshen ruwa, a ƙirga zuwa goma, a cire, a tsoma a ruwan sanyi, a baza a inuwa ya sha iska, sannan a shuka. Cikin 'yan kwanaki za ka ga ya huda ƙasa. Alayyafo shi kuma ƙwayarsa ta cika ƙanƙanta, in ka zuba ta haka nan wuri ɗaya za ta taru, sai a cuɗa ta da yashi kafin a watsa. Mako uku zuwa huɗu alayyafo ya isa yanka, ayoyo ya ɗan fi haka. Kada a tuge. A yanka daga sama a bar kamar taƙi ɗaya, zai sake tofo, a sake yanka. Bokiti uku da aka shuka mako biyu-biyu tsakani sun isa su hana ƙaramin gida sayen ganye sau da yawa.

Lawashi ma ya fi sauƙi. Gindin nan mai saiwa da ake yankewa a zubar, shi za a dasa. Na'ana'a reshe ɗaya daga maƙwabta ya isa, sai dai a ba ta bokitinta ita kaɗai, don ba ta san iyaka ba. Kuɓewa ɗaya ko biyu a babban bokiti, tana son rana ta awa biyar ko shida, wajen wata biyu ta fara 'ya'ya, kuma a riƙa tsinka duk bayan kwana biyu kafin ta yi ƙarfi. Mai lungun da rana ba ta shiga sosai, ya dasa mankani don ganyen kontomire, shi yana jure inuwa da laima. Zogale, a samo reshe mai tsawon hannu a kafa a rabin duro, a riƙa sare kansa kada ya wuce tsayin mutum. Tumatir dai ina ba da shawarar a haƙura da shi sai ruwa ya ja baya, don laimar Yuni cuta take sa wa ganyensa, ka yi ta wahala ka tashi da 'ya'ya uku.

Ran da ba a yi ruwa ba, ruwan wankin shinkafa da na alwala sun yi ban ruwa. Ruwan omo da na bilic ba su yi ba. Na kwata kuwa ko kusa, tun da ganyen nan baki za shi. Kada a ajiye bokiti daidai bakin indararo, ruwan zai tone shi. In ƙwari sun sauka, a daka ganye ko 'ya'yan darbejiya, a jiƙa ya kwana, a tace, a ɗiga ɗan sabulu, a yayyafa da yamma. Dodon koɗi da hannu ake tsince shi da asuba.

Babban abokin gaba dai ƙafa huɗu gare shi. A 'yan shekarun nan babbar salla cikin damina take faɗowa, ragunan layya sun cika lungu, kuma abin da ka yi wata guda kana reno, rago minti ɗaya ya ishe shi. A rataye ƙananan mazubai a bango da ƙusa mai ƙarfi, manyan a kewaye su da yagaggen gidan sauro, wanda ya riga ya gama aikinsa a ɗaki. Kada a ce za a gudu da su saman kwano. Bokitin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya haura kilo 25, ga shi yana riƙe laima, sai ka koma gidan jiya da tsatsa da yoyo. Kafin ka jera bokiti a tsakar gidan haya kuma, ka gaida Hajiya ka nemi izini, ka tabbata ba ka tare hanyar masu shanya ko wurin murhun wata ba. Yankan farko a kai wa ƙofar da ta fi kusa da bokitan, don ita ce za ta kore maka akuya ran da ba ka nan.

Ran Laraba kasuwar Nima ke ci. A tambayi mata masu ganye, su suka san mai iri, ko a roƙi masu lambu. Iri in ya tsufa ba ya fita, kuma da ido ba a ganewa. In kin kawo gida, ƙirga ƙwaya goma, ki sa a jiƙaƙƙen ƙyalle, ki naɗe, ki ajiye a inuwa kina ɗan yayyafa masa ruwa. Bayan kwana biyar ki buɗe. In bakwai ko fiye sun tsaga, shuka da ƙwarin gwiwa. In uku ne ko huɗu, ki ninka abin da za ki zuba, ko ki koma wajen mai shi.